Yadda Ake Tsuma Ƙirjin Sa da Kaji a Gishiri, a Kyafa Su a Gida

Kyafe ba baƙon abu ba ne a Zariya. Duk gidan da ake layya an san yadda ake shimfiɗa nama a kan waya a saman garwashi a yi banda, ya bushe ƙarau, a riƙa tsinka ana sawa a miya har bayan wata guda. Wanda zan bayyana a nan ya sha bamban da wannan. Banda ana yin ta ne don a kori ruwan nama ya daɗe a ɗaka. Shi kuwa wannan, so ake a tsare ruwan a cikin naman, gishiri ya ratsa shi har tsakiya, sannan a dafa shi da zafi kaɗan-kaɗan cikin hayaƙi na awanni masu yawa, har ƙirjin sa, wanda kowa ya sani da tauri da jijiya, ya yi laushin da za a yanka shi fale-fale a sa a burodi.

Irin wannan ƙirjin da aka tsuma a gishiri, aka lulluɓe da masoro aka kyafa, shi ne fastiramin da ya yi suna a birnin Niyok na Amurka, inda Yahudawan da suka yi ƙaura daga Romaniya suka kai shi a ƙarshen ƙarni na 19. Mutanen jihar Teksas ma suna kyafa ƙirji, sai dai su ba sa tsuma shi na kwanaki, gishiri da masoro kawai suke barbaɗawa su ɗora a wuta. Ga shanunmu, hanyar fastirami ta fi dacewa, kuma zan faɗi dalili idan mun je wurin mahauci.

Kafin ka sayi nama

Mutane da dama da duron da za a kyafa naman a ciki suke farawa, su kai wa mai walda, su kashe kuɗi. A ganina duro shi ne abu mafi sauƙi a duk aikin. Abu uku ne suke yanke hukunci tun kafin a hura wuta: sikeli, ma'aunin zafi, da sanyi.

Sikelin da ake buƙata shi ne ɗan ƙarami mai batir, irin na masu yin kek, wanda ke nuna giram ɗaya-ɗaya. In ka sami mai nuna rabin giram, ya fi. Gishirin wannan aiki ba a auna shi da cokali ko da ido, domin cokali ɗaya na gishiri mai laushi ya fi cokali ɗaya na mai tsakuwa nauyi nesa ba kusa ba. Ma'aunin zafi kuma mai dogon tsinke ake nema, wanda ake sokawa cikin nama. Na asibiti ba zai yi ba. Da ka saya, gwada shi: a ruwan ƙanƙara ya nuna sifiri, a tafasasshen ruwa ya nuna kusan digiri 98. Kada ka yi mamakin rashin kaiwa 100, Zariya tana kan tudu ne, sama da mita 600 daga matakin teku, ruwa yakan tafasa da ɗan wuri. Duk digirin da zan ambata na ma'aunin Salshiyas ne.

Sanyi shi ne babbar matsalarmu. Naman zai yi mako guda ko fiye cikin gishiri, kuma duk tsawon wannan lokaci dole ya zauna ƙasa da digiri 5. Sanyin hunturu ba ya wadatarwa. Ko a tsakiyar Janairu, lokacin da ake kwana da rigar sanyi a Samaru, dare ba ya kusantar wannan sanyin, da rana kuwa ba a magana. In kana da sola ko firij da ba ya mutuwa, shi ke nan. In wutar unguwarku tana zuwa tana tafiya, nemi kula mai kauri, ka yi magana da mai sayar da ƙanƙara ya riƙa ajiye maka kullum. A sa naman cikin ledarsa a ƙasa, a jera ƙanƙara a kai da gefe, a zubar da ruwan da ya narke kowace safiya, a ƙara sabuwa, a soka ma'auni a duba. Firiza ba wurin tsuma nama ba ce: da ya daskare gishiri ya daina tafiya a cikinsa. Wanda bai da tabbacin sanyin mako guda, ya tsallake zuwa kaji, su dare ɗaya kawai suke buƙata.

Wurin mahauci

Je da sassafe, ko mayankar Zango ko wurin mahaucin da ka saba da shi a kasuwar Sabon Gari ko Tudun Wada, tun naman bai sha rana da ƙuda a kan tebur ba. Al'adar mahautanmu ita ce su sassara ƙirji da ƙashinsa su yi kashi-kashi, don haka sai ka yi bayani tun kafin wuƙa ta sauka. Ka ce masa: "Sarkin Fawa, ƙirji nake so, amma kada a sara. A feɗe mini tsokar daga kan ƙashi, falle guda, a bar mini kitsen da ke bayanta." Zai iya tambayarka, "Alhaji, kilishi za a yi ne?" Ka ce a'a, da kaurinta kake so. In ka gaya masa tun jiya, ya fi, domin zai ware maka kafin masu tsire su kwashe.

Ƙirji tsoka biyu ne a haɗe, ɗaya shimfiɗaɗɗiya mai ƙarancin kitse, ɗaya kuma mai tudu da kitse a cikinta. Ga mai farawa, kilo 2 zuwa 2 da rabi ya isa, mai kaurin santimita 4 zuwa 5. Shanun da ake yankawa a nan, Bunaji ne ko Bokolo ko Rahaji, yawancinsu sun yi shekaru suna tafiyar kiwo, tsokarsu ta yi ƙarfi, kitsen da ke ratsa cikin nama kaɗan ne. Shanun Amurka kuwa hatsi ake ɗura musu a turke su tara kitse, shi ya sa ƙirjinsu ke jure awa goma sha biyu a hayaƙi bai bushe ba. Namu in aka yi masa haka sai ya ƙeƙashe. Saboda haka nemi san da aka turke aka yi masa kiwon gida, sannan a ƙarasa dahuwar da tururi, kamar yadda za mu gani. Wani abu da muke da shi wanda ya kamata a yi alfahari da shi shi ne tozo. Kitse ya ratsa shi ko'ina, yana karɓar gishiri da hayaƙi ƙwarai, kuma duk abin da zan faɗa game da ƙirji ya hau kansa, in dai an tsaga shi kaurinsa bai wuce na ƙirjin ba.

A gida, rage kitsen baya ya saura kamar rabin santimita, a cire fatar nan mai sheƙi da ke ɗaya gefen, a goge naman da tsumma mai tsabta. Sai a ɗora a sikeli a rubuta nauyinsa. Da wannan lambar za a yi duk lissafi.

Haɗin gishiri

Ga kowane kilo ɗaya na nama: gishiri giram 22, sukari giram 10, da gishirin tsumi giram 2.5. Wato naman kilo 2 zai ci gishiri giram 44, sukari giram 20, gishirin tsumi giram 5.

Gishirin tsumin nan yana buƙatar a tsaya a kansa. Ana sayar da shi da sunan Prague Powder #1 ko Cure #1, kuma yawanci ta intanet ake samunsa. Kashi 93.75 cikin ɗari gishiri ne, kashi 6.25 kuma sinadarin sodiyam naitirait. An rina shi ruwan hoda don kada a ɗauka gishirin miya ne. Aikinsa uku: yana hana ƙwayar cutar botulizim yaɗuwa, wadda ke son wurin da babu iska irin cikin leda, yana sa naman ya zauna ja ko bayan ya dahu, kuma shi ke ba da ɗanɗanon nan na musamman da ake ji a naman gwangwani. Amma guba ne idan ya yi yawa. Ba a ƙara shi don nama ya fi ja, ba a ɗanɗana shi, ba a ajiye shi kusa da kayan miya inda yara ko mai taya aiki za su kai hannu. A rubuta suna a jikin robar a ɗora can sama. Gishirin Himalaya da ake gani a manyan kantuna shi ma ruwan hoda ne, amma babu naitirait a cikinsa, ba ya wannan aiki. Kanwa ma ba ta maye gurbinsa ko kusa, sai dai ta ɓata naman ya yi santsi. Gishirin tsumi mai lamba 2 kuma na naman da ake busarwa watanni ne, ba namu ba.

In ba ka samu ba, aikin bai tsaya ba. Yi amfani da gishiri giram 24 a kilo, ka rage kwanakin zuwa huɗu ko biyar, ka tsananta kula da sanyi, kuma kada zafin duro ya sauka ƙasa da digiri 107. Naman zai fito ruwan ƙasa maimakon ja, ɗanɗanonsa ya fi kusa da na gashi, amma yana da daɗi.

Kayan ƙamshin tsumi na kilo 2: masoro cokali ɗaya babba, 'ya'yan kusbara cokali ɗaya, kanumfari guda biyar ko shida, kimba ɗaya da aka fasa aka zubar da 'ya'yan don suna da ɗaci, tafarnuwa sala shida dakakkiya, busasshiyar citta ƙaramin cokali, da ɗan barkono. Cittar Kudancin Kaduna, ta wajen Kachiya da Kafanchan, tana da ƙarfi sosai, kaɗan ta isa. Busasshiya nake nufi. Ɗanyar citta tana da wani sinadari mai narkar da tsoka, in ta kwana bakwai a jikin nama sai bayansa ya yi laɓo-laɓo. A ɗan soya masoro da kusbara da kanumfari a busasshen kasko har ƙamshi ya tashi, a daka sama-sama a turmi.

Fara haɗa gishiri da sukari da gishirin tsumi su kaɗai, a juya sosai har launin hodar ya bazu daidai, sannan a zuba kayan ƙamshi. A mulke naman ta kowane gefe, har cikin lungunan da wuƙa ta bari. A sa a leda mai kauri, a kwashe duk abin da ya zube a faranti a zuba ciki, domin an auna shi ne daidai da naman, a matse iska a ɗaure, a ƙara wata ledar a kai.

Daga nan sai jira. Kwana bakwai ga mai kaurin santimita 5, kwana goma in ya fi haka. Kowace rana a juya ledar a ɗan mammatsa. A kwana na biyu za ka ga ruwa ya taru a ciki, kada a zubar, gishirin ne ya jawo shi kuma naman zai sake shan mafi yawansa. Kyawun auna gishiri da nauyin nama shi ne ko an ƙara kwana biyu ba zai yi yawa ba, tunda iyakar abin da aka zuba ke nan. Idan ka buɗe ka ji tsami ko wari, ko ka ga yauƙi, sanyi ya yanke a wani wuri. A zubar, kada a yi tunanin wuta za ta gyara.

Ranar da kwanakin suka cika, da yamma a fito da shi a ɗauraye, a goge ya bushe. A daka masoro cokali uku da kusbara cokali biyu, tsaki-tsaki ba gari ba, a danna su a jikin naman da tafin hannu har ya rufe. Masoronmu na gida mai 'yar wutsiya ya fi na kanti yaji da ɗan ɗaci, in shi ne a hannunka rage zuwa cokali biyu. Kada a sa yajin ƙuli a nan: gyaɗa tana ƙonewa a doguwar wuta, ga gishiri da magi a cikinsa. Wurinsa faranti. A mayar da naman firij a buɗe ya kwana, saboda hayaƙi ya fi kama naman da bayansa ya tsane.

Duro da itace

Duro mai lita 200 ake nema, wanda aka zuba kayan abinci a ciki irin man girki. Wanda ya ɗauki maganin feshi ko fenti ko sinadarin da ba ka sani ba, bar shi ko kyauta ne. Mai walda ya yanke saman ya zama murfi mai mariƙi, ya huda masa ƙananan ramuka shida zuwa takwas. A ƙasa, kamar santimita 5 daga gindi, ya huda uku masu faɗin santimita 2 a kewaye. Ya ƙera kwandon gawayi na ragar baƙin ƙarfe mai gajerun ƙafafu don toka ta zube, sannan ya sa ƙusoshi a ciki da za su riƙe ragar nama kamar santimita 60 sama da gawayi. Kada a yi kwandon da kwanon rufi ko wayar da aka shafa wa tutiya, hayaƙinsu yana cutarwa. Kafin a fara amfani, a cika duron da itace a banka masa wuta har fentin ciki da waje ya ƙone, a kankare, a wanke, a shafe cikinsa da man gyaɗa.

Wanda ke da rabin duro irin na masu gasa kaji, shi ma ya yi, in dai yana da murfi: wuta a gefe ɗaya, nama a ɗaya gefen.

Zafi daga gawayi yake zuwa, ƙamshi daga itace. Gawayin marke ko na ƙirya yana da nauyi kuma yana daɗewa. Itacen hayaƙi kuwa, gwaiba da lemo da tsamiya duk suna da kyau, haka mangwaron da ya bushe sosai. Totuwar masara ma, wadda ke zube a kowane ƙauye da ke kewaye da Zariya bayan kaka, tana ba da hayaƙi mai ɗan zaƙi da ya dace da kaji, sai dai tana saurin cinyewa. A guji darbejiya da itacen turare, suna sa ɗaci. A guji duk itace mai farin ƙaro irin tumfafiya da tinya, da guntayen katakon kafinta masu fenti ko gam ko magani. Kananzir da leda ba sa kusantar wannan wuta. Kuma a tsakar gida ake yi, a sarari. Gawayi a rufaffen ɗaki ko gareji yana fitar da iskar da ba ta da wari amma tana kisa.

Ranar kyafe

Fara bayan sallar asuba. Cika kwandon da gawayin da ba a kunna ba, kilo 4 zuwa 5, ka cusa guntayen itace huɗu ko biyar masu girman dunƙulen hannu a tsakaninsa. A kurfoti daban ka kunna gawayi kamar guda goma sha biyu, in sun yi ja ka juye su a tsakiyar kwandon daga sama. Wutar za ta riƙa cin gawayin sannu a hankali tana gangarawa, ta yi awanni ba a ƙara ba. Saukar da kwandon, ɗora ragar, rufe murfi, bar ramukan ƙasa duka a buɗe. Zura tsinken ma'auni ta ɗaya ramin murfi. Da zafi ya kai digiri 95, toshe rami biyu da dunƙulen takardar foyil, ka bar ɗaya. Abin da ake nema shi ne ya tsaya tsakanin 107 da 120. Da ramukan ƙasa ake sarrafa wuta: a buɗe zafi ya hau, a toshe ya sauka, kuma kowane gyara sai an ba shi minti goma sha biyar kafin a ga tasirinsa. Ramukan murfi ba a taɓa toshe su, in hayaƙi ya rasa hanyar fita sai ya kwanta a kan nama ya yi ɗaci.

Dubi hayaƙin kafin ka ɗora nama. Da farko zai fito fari, mai kauri, mai shiga ido. Jira. Bayan kamar rabin awa zai sirance ya koma shuɗi-shuɗi, har sai ka duba ta jikin bango mai duhu kafin ka gan shi sosai, ƙamshinsa kuma ya yi daɗi a hanci. Wannan ne lokacin. Ɗora naman, gefen kitse yana kallon ƙasa don ya kare tsokar daga zafin da ke tasowa, ka ajiye ƙaramin kwano da ruwan zafi a gefensa. A lokacin hunturu ruwan nan yana da muhimmanci don iska a bushe take, kuma a jingina duron inda katanga ta tare iska, in ba haka ba tana shiga ramukan ta rura wutar fiye da kima.

Sai ka rufe ka ƙyale shi. Awa uku na farko babu dalilin ɗaga murfi. Duk ɗagawa iska ce ke shiga, gawayi ya kama, zafi ya haura. Bayan awa uku soka ma'auni a wuri mafi kauri. Wajen digiri 65 zuwa 70 za ka ga lambar ta tsaya cak, awa ɗaya ko biyu ba ta motsa ba. Ba wutar ce ta mutu ba. Ruwa ne ke fitowa bayan naman yana bin iska yana sanyaya shi, yadda randa ke sanyaya ruwan da ke cikinta. Kada a ƙara wuta. Abin dubawa a nan shi ne ɓawon masoron: in ya yi duhu ya kama jikin naman, ka kankara da farce bai taso ba, kuma ciki ya kai digiri 68 zuwa 70, hayaƙi ya gama aikinsa. Yawanci awa huɗu zuwa shida ke nan.

Naman a yanzu ya dahu amma bai yi laushi ba. Jijiyar da ke cikinsa sai ta daɗe a zafi mai yawa kafin ta narke, kuma ita ce ke mayar da ƙirji mai taushi da danshi. A nan madambacin uwargida yake shigowa. A zuba ruwa a tukunyar ƙasa, a ɗora naman a ta sama yadda ruwa ba zai taɓa shi ba, a rufe ruf, a bar shi a kan wuta marar ƙarfi awa biyu zuwa uku, ana duba ruwan kada ya ƙone. Ana so cikinsa ya kai digiri 93 zuwa 95, amma tsinke ne alƙali na ƙarshe: a soka a wurare uku, in ya shige ba tare da an tura da ƙarfi ba, ya yi. Naman tsohon sa yana iya neman ƙarin awa guda, a ba shi. Wanda ba ya son tururi zai iya naɗe naman a foyil ninki biyu da rabin kofin romo ya mayar duro har ya kai wannan zafin, sai dai ga shanunmu madambaci ya fi ba da tabbaci.

In ya sauka a naɗe shi a bar shi ya huta awa guda. Yankawa da zafinsa tana zubar da ruwan da aka sha wahalar tsarewa. Dubi yadda zaren tsokar ya kwanta, ka yanka a gicciye, fale-fale, da wuƙa mai kaifi. In aka bi tsawon zaren, ko ya yi laushi sai an yi ta tauna.

Kaji da zabi

Su nasu ruwan gishiri ne, kuma a daren da ƙirji ke kwana da masoronsa ake jiƙa su. Ga kowace lita ɗaya ta ruwa, gishiri giram 50 da sukari giram 25. Kaji biyu za su ci kamar lita 4, wato gishiri giram 200, sukari giram 100. A tafasa lita ɗaya da gishirin da sukarin da tafarnuwa da masoro da kanumfari kaɗan da ɓawon lemon tsami, a sauke, a cika sauran da ruwan sanyi da ƙanƙara. Sai ruwan ya yi sanyi ƙalau ake sa kaza. A roba ko bokiti mai murfi ake yi, ban da tukunyar dalma, a danne da faranti don su nutse, a sa a firij ko cikin kula da ƙanƙara.

Kazar gidan gona mai kilo ɗaya da rabi zuwa biyu, awa 8 zuwa 12. Zabo da kazar Hausa, da yake ƙanana ne, awa 6 zuwa 8. Talo-talo guda, awa 18 zuwa 24. Nan lokaci yana da muhimmanci, ba kamar na ƙirji ba, domin in ta wuce sai gishiri ya yi yawa naman ya yi roba-roba. Gishirin yana sa tsoka ta riƙe ruwa, shi ya sa ƙirjin kaza ba ya bushewa, kuma zabo ya fi kowa cin moriyar wannan don namansa ba kitse. Amma ba ya mayar da tsohuwa yarinya. Kajin ƙwai da suka gama aiki, irin Shika Brown da cibiyar binciken dabbobi ta Shika ta samar da sauransu da ake sayarwa da araha, in an same su a ba su hayaƙi awa guda kawai, a ƙarasa a tukunyar farfesu. Don kyafe sosai a nemi budurwar kaza ko ɗan zakara.

Da safe a tsame, a ɗauraye, a zubar da ruwan gishirin, a wanke robar da hannu da sabulu. A tsaga kazar ta baya a baje ta, yadda masu gashi ke yi, a goge ta ta bushe, a ajiye a firij a buɗe har lokacin ɗorawa. Fatar da ta tsane ita ce ke yin kyau. A shafa ɗan man gyaɗa da citta da barkono da tafarnuwa, ban da gishiri.

Lokacin da ƙirji ya koma madambaci, duro ya samu sarari. Buɗe ramukan ƙasa duka, cire kwanon ruwa, ƙara gawayi in ya ja baya, jefa guntun itace ɗaya ko totuwa biyu, ka bar zafi ya hau zuwa digiri 150 ko 160. Kaza ba ta son sanyin wutar da ƙirji ke so, a digiri 110 fatarta ba ta soyuwa, sai ta yi tauri tana jawuwa. Ɗora su fata tana sama. Bajajjiyar kaza tana ɗaukar awa ɗaya da kwata zuwa awa biyu. Ta dahu idan tsakiyar ƙirjinta ya kai digiri 74, cinya kuma ta fi daɗi a 80 ko sama, kuma kada tsinken ya taɓa ƙashi. Za a ga ja-ja a ƙarƙashin fata, wani a gida zai ce ba ta nuna ba. Hayaƙi ne ya haɗu da launin tsoka ya bar wannan zoben, ma'auni ne ke faɗin gaskiya. A bar ta ta huta minti goma sha biyar kafin a yanka.

Ajiya

Ƙamshin hayaƙi yana sa a zaci naman nan zai zauna a kwano a ɗaka yadda kilishi ke zama. Ba zai zauna ba, da ruwansa yake. Abin da ba a ci ba ya shiga firij cikin awa biyu, a zafin Maris da Afrilu kuwa cikin awa ɗaya. A firij kwana uku zuwa huɗu, a firiza wata biyu zuwa uku, an raba shi ƙulli-ƙulli daidai cin rana guda. A bar ƙirjin dunƙule, a riƙa yankar wanda za a ci kaɗai, a ɗumama a madambaci minti goma. Kasko yana busar da shi. Yana tafiya da burodi ko gurasa, da albasa da tumatir da kabeji, da yajin ƙuli a gefe. Ƙasusuwan kajin kuma a tafasa su, romonsu yana gyara miyar kuka da dafa-duka.

Nama ne mai gishiri, mai hawan jini ya ci kaɗan. A shekarar 2015 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa naman da aka sarrafa da gishiri da hayaƙi cikin abubuwan da ke haddasa kansar hanji, kuma haɗarin yana ƙaruwa ne da yawan ci a kai a kai. Don haka abincin Sallah ne da saukar baƙi, ba na kowace safiya ba. Mai niyyar yi da naman layya ya tuna cewa a ranakun Sallah kowa ƙanƙara yake nema, ya kama tasa tun kafin ranar yanka, ya kuma gaya wa mai fiɗa ya cire ƙirjin da tozon falle guda kafin a fara kasafi.